Unguwar Dubu Huɗu: gidajen da mai su bai taɓa kwana ciki ba

Ranar 18 ga watan Fabrairu na 1986, a garin La Courneuve da ke arewa da birnin Paris, hukuma ta tsayar da jama'a nesa, sannan aka tayar da nakiya a gindin wani bene mai hawa 15. Sunan benen Debussy. Gidaje 367 ne a cikinsa, tsawonsa a kwance kuma ya haura mita 150. Kafin mutum ya ƙirga goma ya zama tulin ɓaraguzai da ƙarfe. Talabijin ta nuna abin kai tsaye, manya sun zo kallo. Cikin taron akwai waɗanda a wannan ginin suka koyi tafiya, suna tsaye suna kallon ɗakin iyayensu yana bin iska.

Ginin bai cika shekara 25 ba. A Birnin Damagaram akwai soraye na laka da suka haura shekara 100, kuma har gobe ana kwana a cikinsu. To me ya ci siminti da ƙarfe cikin ɗan wannan lokaci, a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ba, ba ta rasa injiniyoyi ba? Amsar tana cikin tarihin unguwar da benen yake, wadda Faransawa ke kira Cité des 4000, wato Unguwar Dubu Huɗu. Kalmar cité ba baƙuwa ba ce a kunnenmu, mun san Cité Fayçal da Cité Caisse a Yamai. Wannan kuwa tana cikin manyan irinsu a Faransa, kuma labarinta labari ne na iyaye da yara da malaman makaranta.

Sanyin 1954

Bayan yaƙin duniya na biyu Faransa ta tashi da matsalar muhalli mai tsanani. Bama-bamai sun rusa garuruwa, shekaru da dama ba a yi wani ginin kirki ba, ga haihuwa ta ƙaru, ga mutanen karkara na kwarara birni neman aiki. Ƙidayar 1954 ta nuna cewa gida ɗaya cikin goma ne kawai ke da wurin wanka, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne ke da makewayi a ciki. A tsofaffin unguwannin Paris, iyali guda na kwana a ɗaki ɗaya, su yi girki a nan, su ɗebo ruwa a famfon tsakar gida. A gefen birni kuma bukkokin kwano da katako sun fara yaɗuwa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan matsugunai, La Campa, a La Courneuve ɗin ma yake, cike da ƴan Sipaniya da ƴan Fotugal da ƴan Aljeriya.

A lokacin sanyin 1954 mutane suka riƙa mutuwa a bakin titi. Ranar 1 ga Fabrairu wani limamin Katolika da aka fi sani da Abbé Pierre ya shiga gidan rediyo ya ba da labarin wata mata da sanyi ya kashe a kan wani babban titin Paris, tana riƙe da takardar korar da aka yi mata daga gidan haya. Kiran ya girgiza ƙasar. Gwamnati ta ga ba makawa sai a yi gini da yawa, da sauri, kuma da araha. Daga nan aka shiga zamanin manyan rukunan gidajen haya masu sauƙin kuɗi, waɗanda ake taƙaita sunansu da HLM.

Daga gonar albasa zuwa bene

La Courneuve na da nisan kamar kilomita 8 daga tsakiyar Paris. Tun da daɗewa ƙasar noman rani ce, daga nan ake kai albasa da kabeji kasuwannin birni. Daga baya masana'antu suka sauka a gefen hanyar jirgin ƙasa: Rateau mai ƙera injinan wuta, Babcock mai manyan tukwanen tururi, Mécano mai kayan huda ƙarfe. Gari ne na ma'aikata, kuma shekaru masu yawa magadan garin ƴan jam'iyyar kwaminis ne.

A kan waɗannan gonaki ne hukumar gidajen haya ta birnin Paris ta fara aiki a 1956. Masu zanen ginin su biyu ne, Clément Tambuté da Henri Delacroix. Dabarar zamanin ita ce a zuba bangaye na siminti a ƙasa kamar yadda ake buga bulo, sai ƙugiya mai tafiya a kan dogo ta ɗauka ta jera su ɗaya bisa ɗaya. Tunda ƙugiyar a miƙe take tafiya, ginin ma a miƙe yake fita, dogo kamar ganuwa. Haka aka samu gidaje sama da 4,000, wasu a dogayen benaye masu hawa 15, da wata hasumiya mai hawa 26 a tsakiya. Aka raɗa wa benayen sunayen mashahuran mutane: Debussy da Ravel makaɗa ne, Renoir mai zane, Balzac marubuci.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, don shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Filin yana cikin garin La Courneuve, amma gidajen na birnin Paris ne. Hukumar Paris ce ke karɓar kuɗin haya, ita ke zaɓar wanda za a ba gida, ita ke da alhakin gyara. Magajin garin La Courneuve kuwa shi aka bar wa gina makarantun firamare da wuraren kula da lafiya da taimakon marasa hali, alhali ba shi da iko ko a kan makulli ɗaya. Mutanen garin sun tashi daga wajen 18,000 a 1954 zuwa sama da 43,000 a 1968. Unguwar ita kaɗai ta ɗauki wajen mutum 17,000.

Shekarun murna

A farkon shekarun 1960 aka fara tarewa. Waɗanda suka zo da fari akwai iyalan da aka kwaso daga ruɓaɓɓun gidajen Paris, da ma'aikatan masana'antu, da ƙananan ma'aikatan gwamnati, da kuma mutanen da suka baro Arewacin Afirka, musamman bayan ƴancin kan Aljeriya a 1962, Kirista da Yahudawa da Musulmi. Kada wanda ya san ƙarshen labarin ya raina farin cikin waɗannan mutane. Uwar da ta shekara goma tana dafa ruwa a tukunya don ta yi wa yara wanka a tasa, yau ta murɗa famfo ruwan zafi ya zubo. Ga makewayi a cikin gida, ga ɗumin ɗaki lokacin sanyi, ga manyan tagogi rana na shiga. Maza suna da ɗakinsu, mata suna da nasu. Yaro ya samu teburin da zai yi aikin makaranta ba tare da an ture masa littafi don a ajiye kwanon abinci ba.

Da asuba maza kan fita, wasu a ƙafa ko a keke zuwa masana'antun garin, wasu su bi jirgin ƙasa zuwa Paris. Yara su cika makarantun da aka gina a gurguje. Da yamma filayen da ke tsakanin benaye su cika da ƙwallo da guje-guje, uwaye na leƙe ta taga suna kiran suna idan abinci ya sauka. A gindin hasumiya akwai kantuna. Maƙwabta na aron gishiri, suna riƙe wa juna yara, ƙamshin dambun kuskus na wannan gida na gauraya da na miyar wancan. Waɗanda suka tashi a wannan zamani, idan suna ba da labari, sun fi tuna yawan abokan wasa da yadda ba a tambayar yaro ƙasar ubansa.

Duk da haka tun a lokacin akwai abubuwan da ke damun mutane. Bangayen ba su da kauri, kukan jaririn hawa na bakwai yana hana na takwas barci. Uwar da ke hawa na 12 ba ta da tsakar gida, in ta bar yaro ya sauka wasa ya fita daga hannunta, in ta tsare shi a ɗaki ya hana maƙwabta sakat. Mota ba kowa ke da ita ba, hanyar shiga birni da wuya, matan da ba sa aiki kan wuni su kaɗai a sama. Sannan ga kuɗin haya da na ɗumama ɗaki da bashin kayan ɗaki da aka ɗauka don a cika sabon gida. Mai shirya fim Jean-Luc Godard ya ɗauki fim ɗinsa da ya fito a 1967 a wannan unguwa, kan wata matar aure da irin wannan bashi ya sha wa kai.

Yoyo

Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Unguwar Dubu Huɗu mai ɗakin yana ofis a tsakiyar Paris. Ginin da aka yi da gaggawa da kaya masu araha ya fara nuna rauninsa da wuri. Ruwan sama na shiga ta mahaɗar bangaye, na'urar hawa bene na tsayawa, bututun da ake zuba shara daga sama na toshewa ya tara kyankyasai, fitilun matakala na mutuwa ba a sauyawa. Mai haya ya kai ƙara wurin mai gadin bene, mai gadi ya rubuta takarda, takarda ta tafi birni. Masu haya ba sa zaɓen magajin garin da ke da gidajen, ballantana su ja masa kunne da ƙuri'a. Wanda suke zaɓa kuma ba nasa ba ne, sai dai shi ma ya rubuta takarda.

A yi tunanin tsohuwa mai ciwon gwiwa a hawa na 14 ranar da na'ura ta tsaya, ko uwa mai goyo da kwandon cefane. Bene mai hawa 15 ba ya yafe sakaci kamar gidan ƙasa. Injina ne ke riƙe da rayuwarsa, ranar da aka daina kula da su ginin ya zama kurkuku ga tsofaffi da marasa lafiya. Yara kuma, da suka buɗe ido suka ga tagar da ta fashe ta yi wata ba a gyara ba, sun fahimci cewa wurin ba shi da mai shi.

Gwamnatin ƙasar ma ta fara gane kurenta. A watan Maris na 1971 wani mai gidan shan gahawa a unguwar ya harbe wani saurayi ɗan shekara 17, jaridu suka yi ta rubutu kan ciwon manyan rukunan gidaje. A 1973 ministan gine-gine Olivier Guichard ya fitar da umarnin daina gina irinsu. Amma umarnin ya shafi abin da ba a gina ba ne, bai ce komai ba game da dubban ɗaruruwan mutanen da ke cikin waɗanda aka riga aka gina.

Aiki ya tafi, masu hali suka bi shi

A shekarar 1973 ɗin nan ce farashin man fetur ya tashi a duniya, masana'antun Faransa suka shiga rage ma'aikata. A 1974 ma'aikatan Rateau sun mamaye masana'antarsu wata uku don hana kora. Mécano ta rufe kafin ƙarshen shekarun 1970. Unguwar da aka gina don mutanen da ke fita da asuba ta fara cika da magidanta da ke wuni a gida, da samarin da suka gama makarantar koyon sana'a suka tarar ƙofar da ubanninsu suka shiga an garƙame ta.

Abu na biyu ya zo a 1977, lokacin da gwamnatin Raymond Barre ta sauya tsarin tallafin muhalli, ta sauƙaƙa wa masu matsakaicin albashi samun rancen mallakar gida. Duk wanda ke da albashi tabbatacce ya karɓi rance, ya sayi ɗan gida mai fili a wani gari. Waɗanda suka tashin kuwa sau da yawa su ne ke jagorancin ƙungiyar masu haya da ta iyayen yara, su suka san yadda ake rubuta wa hukuma takarda da ƙofar da ake bugawa. Gidajen da suka bari, hukumar Paris ta riƙa turo iyalan da birnin ba ya son riƙewa a cikinsa, mafi yawa marasa ƙarfi.

A daidai wannan lokaci ne dokar shige da fice ta sauya. A 1974 Faransa ta dakatar da shigo da ma'aikata daga waje, a 1976 kuma ta tsara yadda waɗanda ke ciki za su kawo matansu da ƴaƴansu. Ƴan ci-ranin da a da ke kwana a gidajen gwauraye suka fara neman gidan iyali. Bayan ƴan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, sai ga ƴan Mali da Senegal da tsibiran Komoro da wasu ƙasashen. Gidan da aka zana don miji da mata da yara biyu ko uku ya ɗauki mutum takwas ko goma. Sun zo da abubuwan da muka sani: adashin mata, gudunmawar suna da ta rasuwa, tarin kuɗin mayar da gawa gida, da ɗan ɗakin salla a inda aka samu. Waɗannan abubuwa sun riƙe iyalai da dama a shekarun da hukuma ta juya baya. Masu cewa baƙi ne suka lalata unguwar sun manta da jerin shekaru: yoyo da tsayawar na'urori da rufe masana'antu sun riga yawancin waɗannan iyalai isowa.

Yara da makaranta

Ranar 9 ga Yuli na 1983, cikin kwanakin ƙarshe na azumi, yara na wasa da dare a gindin bene da abin wasan nan mai fashewa da ƙara. Wani maƙwabci da hayaniyar ta dama ya ɗauki bindiga ya harba ta taga. Ya kashe yaro ɗan asalin Arewacin Afirka da bai cika shekara 10 ba. Kafin watan ya ƙare shugaban ƙasa François Mitterrand ya zo unguwar da kansa. A ƙarshen shekarar, tattakin neman daidaito da yaƙi da wariyar launin fata, wanda samarin irin waɗannan unguwanni suka faro daga Marseille a watan Oktoba, ya isa Paris ranar 3 ga Disamba da wajen mutum 100,000. Cikin abin da ya haifar akwai katin zama na shekara 10 ga baƙi.

A 1984 aka miƙa gidajen ga garin La Courneuve, a zamanin magajin gari James Marson, bayan shekaru ana neman haka. Mai ɗaki ya dawo kusa da ɗakinsa, amma ya karɓe shi ne bayan fiye da shekara 20 na rashin gyara, da masu haya da yawa da ba su iya biya. Ƙaramin gari na talakawa ya gaji nauyin da babban birni ya ƙi ɗauka. Daga baya ma sai da hukumar gidaje ta jihar Seine-Saint-Denis ta karɓi ragamar.

Makaranta ce wurin da duk waɗannan matsaloli ke haɗuwa kowace safiya. Yaron da ya kwana su biyar a ɗaki, wanda babu mai karanta Faransanci a gidansu, shi ne ke zaune gaban malami da ƙarfe takwas da rabi. A 1981 ministan ilimi Alain Savary ya ƙirƙiro yankunan fifiko na ilimi, ZEP, da nufin a ƙara wa makarantun unguwannin talakawa kayan aiki da malamai. Sai dai tsarin tura malamai a Faransa na tafiya ne da maki, makin kuma na ƙaruwa da daɗewa a aiki. Sakamakon haka sababbin malamai ake turowa irin waɗannan wurare, kuma da zarar mutum ya tara maki sai ya nemi sauyi. Malaminmu da aka taɓa turawa ƙauye mai nisa a shekararsa ta farko, yana ƙirga watannin da suka rage masa, ya san wannan hali. Yaran da suka fi bukatar gogaggen malami su ne ke samun sabo duk shekara, in ya yi rashin lafiya kuma aji ya zauna babu madadi.

A bazarar 1998 abin ya kai maƙura. Malaman jihar Seine-Saint-Denis suka shiga yajin aiki, iyaye suka mara musu baya, ɗalibai suka bi su, aka yi ta zanga-zanga a titunan Paris wajen wata biyu. A ƙarshe ministan ilimi Claude Allègre ya amince da ƙarin guraben aiki 3,000 cikin shekara uku. Abin lura a wannan yaji shi ne iyaye ba su tsaya gefe suna zargin malamai da ɓata wa yara lokaci ba, malamai ma ba su tsaya kan albashi ba. Bukatar ɗaya ce: a ba yaron jihar abin da ake ba yaron Paris. Duk da wannan nasara, a 2018 wasu ƴan majalisar dokoki biyu, François Cornut-Gentille da Rodrigue Kokouendo, sun gabatar da rahoton da ya nuna cewa har lokacin gwamnati na gaza wa jihar a fannin ilimi da tsaro da shari'a.

Ba duk labarin baƙi ba ne. Cibiyar al'adu ta Jean Houdremont na cikin unguwar, yara na koyon kiɗa da wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Flash ta ƙwallon Amurka, wadda aka kafa a garin a 1984, ta ci kofin Faransa sau da yawa. A 1992 jirgin tarago na cikin gari ya haɗa La Courneuve da Bobigny da Saint-Denis. Tsohuwar masana'antar Mécano yanzu ɗakin karatu ce mai sunan Aimé Césaire. Dubban yara sun tashi a benayen nan sun zama ma'aikatan jinya da direbobi da injiniyoyi da malamai, jarida ba ta taɓa buga sunansu ba.

Rusau da tabon suna

Bayan Debussy, an tayar da nakiya a gindin Renoir ranar 8 ga Yuni na 2000, sai Ravel da Presov tare ranar 23 ga Yuni na 2004. Dokar sabunta birane ta 2003 ta kawo kuɗi masu yawa, aka riƙa gina ƙananan benaye masu hawa kaɗan a gurbin dogayen, aka buɗe tituna. Gidajen sun fi na da kyau, babu gardama. Amma rusa bene na watsa maƙwabtaka ta shekara 30. Tsohuwar da ke riƙe wa rabin matakala yara an kai ta wata unguwa, abokan adashi sun rabu, yara sun sauya makaranta a tsakiyar karatu. Talauci kuwa nakiya ba ta taɓa shi, yana bin mutum sabon gida.

Rashin aiki ya buɗe ƙofa ga cinikin ƙwaya a bakin wasu benaye, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 19 ga Yuni na 2005 harsashin wasu masu faɗa da juna ya samu yaro ɗan shekara 11 a gindin Balzac, ya rasu. Ministan cikin gida na lokacin, Nicolas Sarkozy, ya zo ya yi alkawarin wanke unguwar da Kärcher, injin nan mai feshin ruwa da ƙarfi da ake wanke mota da shi. Wasu iyayen da suka gaji da tsoro sun ji daɗin zuwan minista. Da yawa kuma sun ji an kwatanta su da ƴaƴansu da dauɗa. Maganar ta zauna a tarihin siyasar Faransa, ta ƙara manna wa unguwar suna.

Shi kansa Balzac an rushe shi a hankali da injina a 2011. Kafin nan, a watan Yulin 2010, ƴan sanda sun fitar da iyalan da suka shiga gidajensa da aka kwashe ba da izini ba, mafi yawansu ƴan Kodebuwa. Hoton bidiyon da ya nuna ana jan mata a ƙasa, ɗaya da goyo a baya, ya zagaya duniya ta intanet. Kusan shekara 60 bayan kiran Abbé Pierre, ginin da hukuma ta ce bai cancanci zama ba, akwai waɗanda shi ne kaɗai rufin da suka samu.

Tabon suna ya zama nauyi na daban. Saurayi ya rubuta takardar neman aiki, da an ga adireshinsa sai a ajiye ta gefe. A 2009 magajin gari Gilles Poux ya kai ƙara gaban hukumar yaƙi da wariya ta ƙasa, yana cewa ana nuna wa mutanensa bambanci saboda wurin zamansu. A watan Fabrairun 2014 doka ta sa wurin zama cikin dalilan da aka haramta nuna wa mutum bambanci a kansu.

Abin da ya shafe mu

Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa na faɗaɗa kowace shekara, fili na tsada, kuɗin haya na cin babban kaso na albashin malamin makaranta. Mun san gidajen SONUCI, mun ga rukunin gidajen da aka gina a Yamai don wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, kuma kowace gwamnati na zuwa da alkawarin gidaje masu sauƙin kuɗi. Muna bukatarsu, kamar yadda Faransa ta bukace su a 1954. Namu ba su kai hawa 15 ba, amma tambayoyin da La Courneuve ta bari ba su da ruwa da tsawon gini.

Ranar da aka zo aza harsashi, kafin a yi tafi, a tambaya wa ke da gidajen, kuma ina mai haya zai same shi idan magudanar ruwa ta toshe. A tambaya ko cikin kuɗin da za a riƙa cirewa daga albashi akwai kason gyara, da wanda zai duba asusun. A tambaya ko makaranta da famfo da hanya za su riga makulli isowa, da kuma inda yara za su yi wasa idon manya na kansu. A kula kada unguwa ta zama wurin da ake tura waɗanda ba su da zaɓi su kaɗai, don ranar da mai albashi na ƙarshe ya tashi, muryar unguwar ta tafi tare da shi. Waɗannan tambayoyi ƙungiyoyin malamai za su iya yin su a teburin tattaunawa, kwamitocin COGES da ƙungiyoyin iyaye za su iya yin su a ma'aikatar magajin gari.

Iyayenmu da ke zaune a gidajen laka ba su taɓa ɗaukar gini a matsayin aikin da ke ƙarewa ba. Kowace shekara kafin damina a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a duba azara, a share indararo, kuma mai gida da kansa ke hawa soro ya duba. Gidan gwamnati ma haka yake bukata, sai dai shi yaɓensa kasafin kuɗi ne da ofis mai buɗaɗɗiyar ƙofa da masu haya da suka san haƙƙinsu. Allah ya ba kowane magidanci muhalli mai albarka, ya raya mana zuri'a.